Daga Ina Dabara Take Zuwa?

 

A wannan wata muna so mu yi hira da ku a kan wani abu da kowa yake da shi, amma ba kowa ya san kiwonsa ba. Abin nan shi ne kai. Ba muna nufin wurin ɗora tulu ba. Muna nufin kan da ake tunani da shi.

Ga misali. Ka gamu da wani mutum a kasuwar Subdu. Kun gaisa. Ka san fuskarsa, ka san garinsu, har ubansa ka sani, amma sunansa ya ɓace maka. Ka yi ta nema cikin kanka, ka rasa, ka haƙura. Kana bisa hanyar gida, kana biye da jakinka, ba ka tunanin komi, sai sunan ya faɗo maka kamar ɗan goruba daga sama. To, wa ya kawo shi? Kai dai ka bar nema tun a kasuwa.

Haka dabara take yi. Sau da yawa tana ƙin zuwa lokacin da mutum ya matsa mata. Sai ya sassauta, sa'an nan ta zo. Wannan magana ba ta wasa ba ce gare mu, domin ƙasarmu tana bukatar dabara kamar yadda take bukatar ruwa.

Abin da ke gabanmu

Kowa ya san halin da ake ciki. Ruwan da ke sauka a ƙasar Gure wajen milimita 300 ne a shekara, wani lokaci ya ɗara, wani lokaci ya kasa. Arzikinmu yana cikin kwarurruka, inda ruwan ƙasa yake kusa. Goruba ta zagaye bakin kwari, dabino da rogo da rake da masara da kayan miya suna ciki, kanwa tana tsakiya. Daga Gidigir zuwa Kilakina, har Maine-Sorowa, gari nawa ne ke ci daga kwari? Amma tun farin 1973 da na 1984 tuddai suka tuɓe. Iskar hunturu tana kwasar rairayi tana zubawa cikin kwari. Akwai inda yau kan goruba kaɗai ake gani, sauran jikinta yana cikin rairayi.

Ƙarfi kaɗai ba ya tsai da tudu. Ko mutanen gari duka sun fito da shebur da kwando, iskar dare ɗaya tana maido abin da suka kwashe cikin wata guda. Dabara ake so. Ke nan ya kamata mu san inda take fitowa, da abin da ke korarta.

Mutumin da ya tsaya rage iskar mota

Bari mu ba ku labarin abin da ya faru a jihar Maraɗi. A shekarar 1981 wani malamin gona mai suna Tony Rinaudo ya zo Nijar daga ƙasar Ostareliya. Aikinsa dashen itatuwa. Ya yi ta renon ƴan itatuwa, yana kai su ƙauyuka, ana dasawa. Rana ta ƙona wasu, awaki suka ci wasu, gara ta ci wasu, rairayi ya rufe sauran. Mafi yawansu suka mutu. Fiye da shekara 2 yana wannan wahala, dare da rana yana tunanin abin da zai yi, bai samu hanya ba. Har ya kusa fid da rai.

Wata rana a shekarar 1983 ya ɗauko ƴan itatuwa a mota zai kai ƙauye. Ya iso wurin da rairayi ya yi yawa. Dole ya tsaya ya rage iskar ƙafafun mota don kada ta kafe. Ya sauko. Ya dubi gabas da yamma, kudu da arewa, fili fetal. Shi da kansa ya ce a nan ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Yana tsaye, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin waɗanda manomi ke sarewa ya ƙone wajen sassabe. Ya taka ya je ya duba ganyensa. Sai ya gane ashe itace ne sosai, wanda aka sare tuntuni. Kututturen yana nan da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara ana sare tohon.

Nan take ya ga abin da ya kasa gani cikin shekara 2. Gonaki cike suke da irin waɗannan kututtura. Daji yana nan, a ƙarƙashin ƙasa yake. Ba sai an kawo sabon dashe daga nesa ba. A zaɓi toho mafi ƙarfi, kamar 1 zuwa 5 a kowane kututture, a sare sauran, a yi wa waɗanda aka bari aski, a tsare su. Tun da saiwar tsohuwa ce, itacen yana tashi da sauri. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani.

Ku lura da abu biyu. Na fari, sau nawa mutumin nan ya wuce irin wannan tsiro da gudu? Ba iyaka. Idonsa yana gani, amma hankalinsa yana kan dashen da ke cikin mota. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu. Sai ranar da rairayi ya tilasta masa tsayawa ya gani. Na biyu, da wani ne ya tsaya a wurin, wanda bai taɓa wahala da itace ba, da ya rage iskarsa ya wuce. Tsayawa ta yi amfani ne sabili da wahalar shekara 2 da ta riga ta.

Kada kuma mu ba baƙo abin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Kakanninmu sun san barin gawo a gona tun kafin a haife shi. A ƙasashen Magariya da Matamai da Mirya manoma da kansu suka tsare gawo har gonaki suka cika, yawancinsu ba tare da wani ya ba su ko dala ba. Shi ma da ya fara da manoma ƴan kaɗan, dariya aka yi musu. A yunwar 1984 aka ba da abinci ga masu barin itace a gona, aka tsare itatuwa wajen 500.000. Da abincin ya ƙare, aka sare wajen kashi 2 cikin 3. Waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen wuta, harawa, inuwa, ga hatsi bai ragu ba. Maƙwabta suka gani suka koma. Bayan shekara 20 da wani abu, masu bincike suka auna da hotunan sama, suka ce wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200.

A shekarar 2018 aka ba Tony Rinaudo wata babbar kyauta a ƙasar Suwidin. Tare da shi aka ba wani manomi na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, mutumin Yatenga. Shi kuwa tsofaffin ramukan shuka na kakanninsa ya gyara. Ya faɗaɗa su, ya zuba taki a ciki, ya haƙa su tun da rani. Gara ta bi taki ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga, fako ya koma gona. Shi ma mahaukaci aka ce masa da fari. Waɗannan ramuka su ne tassa da ake yi a ƙasar Adar. Ya rasu a shekarar 2023, Allah ya jiƙansa.

Abin da masana suka gano

Da can ana zaton in mutum ya zauna shiru, ƙwaƙwalwarsa ma ta kwanta. A shekarar 2001 wani likita a Amurka, Marcus Raichle, da abokan aikinsa suka nuna ba haka ba ne. Suna da na'urar da ke nuna wurin da ke aiki cikin kai. Suka ga akwai waɗansu sassa na ƙwaƙwalwa da ke lafawa in mutum ya dukufa ga aiki mai wuya, su farka in ya saki hankalinsa. Masu binciken da suka biyo baya suka ga waɗannan sassa suna aiki lokacin da mutum ke tuna abin da ya wuce, ko yana kintatar abin da ke zuwa. Makiyayi ya san irin wannan. Saniya tana kiwo da rana, amma sai ta kwanta take tuƙa. Wanda bai san shanu ba zai ce ba ta yin komi.

Ƙwaƙwalwa ƙarama ce. Nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na nauyin jiki. Amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa in mutum yana zaune. Ko kana kwance ba ta daina ci.

Barci

A garin Lubek na ƙasar Jamus aka yi wani gwaji da aka bayyana a shekarar 2004. Aka ba mutane wani lissafi mai tsawo, mai gajiyarwa. Cikin lissafin akwai gajeruwar hanya a ɓoye, ba a gaya musu ba. Suka yi shi na ɗan lokaci, aka sallame su. Waɗansu suka yi barcin awa 8. Waɗansu suka yi awa 8 ido biyu. Aka sake ba su lissafin. Cikin waɗanda suka yi barci, kusan 6 cikin 10 suka gano gajeruwar hanya. Cikin waɗanda ba su yi ba, 2 ne da ɗan wani abu cikin 10. Aka kuma gwada waɗansu da suka yi barci ba tare da sun taɓa ganin lissafin ba. Su barci bai ƙara musu komi ba.

Kun ga dai maganar Maraɗi ce ta dawo. Sai an zuba hatsi a turmi ake daka.

Dattawanmu suna da wannan ilimi, ko da ba su da na'ura. In aka kawo wa dattijo magana mai nauyi, ta aure ko ta gado ko ta iyakar gona, yakan ce a bari a kwana a kanta. Yaro yana ganin jan rai ne. Dattijo ya san kan da ya kwana ya fi kan da ya wuni.

Likitoci sun ce babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a dare. Ga kuma ƙailula, ɗan barcin tsakar rana, wadda malamai ke kwaɗaitarwa a kai. A watannin bazara, lokacin da zafin rana ke wuce 40 a ma'auni, mai nacewa cikin rana ba ya ƙara aiki sai wahala. Rabin awa a gindin aduwa ya isa. In barcin ya yi tsawo, mutum yana tashi jiki a mace, dare kuma ya zo ido ya bushe.

Ko gyangyaɗi yana da nasa rabo. A Paris, a shekarar 2021, aka ba mutum 103 irin wancan lissafi, aka ce su kishingiɗa su rufe ido riƙe da wani abu a hannu. Waɗanda suka ɗan taɓa bakin barci kaɗai, kashi 83 cikin 100 suka gano hanyar. Waɗanda suka zauna a farke, kashi 30. Waɗanda barci ya kwashe sosai ba su samu wannan riba ba. Amma kada wani ya kai wa malamin yaƙi da jahilci wannan hujja in an kama shi yana gyangyaɗi a aji!

Tafiya da aikin hannu

A nan makiyaya sun fi kowa sa'a. A jami'ar Stanford ta Amurka, a shekarar 2014, aka gwada mutum 176. Ana ba mutum sunan wani abu, a ce ya faɗi duk sabon amfanin da za a iya yi da shi. Ana tambayarsa yana zaune, ana kuma tambayarsa yana tafiya. In yana tafiya, sababbin dabarun da yake kawowa suna ƙaruwa da wajen kashi 60 cikin 100. Ko ya zauna bayan tafiyar, kansa yana nan a buɗe na ɗan lokaci. Amma ga tambayar da ke da amsa guda ɗaya tak, tafiya ba ta taimaka ba. Ke nan in kana neman hanyoyi, tashi ka taka. In lissafin kuɗin kanwa za ka yi, zauna.

Wani gwajin kuma, na shekarar 2012 a Santa Barbara, ya fi ba mu mamaki. An ba ɗalibai irin waccan tambaya, sa'an nan aka ba su hutun minti 12. Waɗansu aka ba su aiki mai wuya cikin hutun. Waɗansu aka ce su zauna kawai. Waɗansu aka ba su ɗan aiki mai sauƙi, wanda ba ya cin hankali. Da aka koma ga tambayar farko, masu ɗan aiki mai sauƙi ne suka ci gaba, da wajen kashi 40 cikin 100. Masu zaman banza ba su ƙaru ba. Su ma masu cin gaban, a kan tambayar da suka riga suka taɓa ne kaɗai suka ƙaru.

Mene ne ɗan aiki mai sauƙi a wurinmu? Tufkar igiya. Saƙar tabarmar kaba. Ɓarar gyaɗa ko wake. Bin garke a hankali da yamma. Hannu ya san aikinsa, kai ya tafi kiwo. Wanda ya ga tsoho a gindin bishiya yana tufka, bakinsa shiru, kada ya ce ba ya komi.

Ɓarayin hutu

Yanzu mu zo ga abin da ke ɓata mana. Za mu faɗi gaskiya ko da ta yi ɗaci.

Shayi abokin hira ne, ba mu ce a bar shi ba. Amma cikin shayi da goro da kofi akwai wani sinadari mai korar barci. Bayan wajen awa 5 da shansa, rabinsa yana nan cikin jini. Saurayin da ya sha na fari mai ɗaci ƙarfe 10 na dare, ƙarfe 3 na asuba rabin ƙarfin shayin yana jikinsa. Ko ya yi barci, barcin sama-sama ne. A sha da safe, a sha da rana. Na dare a rage masa ganye.

Wayar hannu ta kawo alheri. Da ita ake jin kuɗin bisa a kasuwa kafin a kora, da ita ake jin lafiyar ɗa da ke Libiya ko Najeriya. Amma ta cinye ƴan lokutan nan da kai ke tuƙa. Da, in mutum yana jira a bakin rijiya, ko yana bisa amalanke, shiru yake yi yana kallon ƙasa da sama. Yanzu da an samu minti 2, sai a ciro waya. Da mutumin Maraɗi yana da irin wannan waya ranar da ya tsaya rage iska, wa ya sani ko da ya ga tsiron nan?

Na uku ya fi muni, shi ne ƙwaya, musamman tramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Samari suna sha don kada su ji gajiya wajen noma ko haƙar kanwa ko tuƙin babur. Gajiya kuwa saƙo ce da jiki ke aikowa. Mai shan ƙwaya ya kashe ɗan aike, gajiyar tana nan. Ƙwayar tana kama mutum har ya kasa bari, tana kuma jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wanda ya kamu, a kai shi gidan likita. Duka da zagi ba su warkar da shi.

Yunwa da bashi

Wani zai ce: mai jarida, kana ta maganar hutu, ka san watan da rumbu ya ƙare kuwa? Mun sani. Gaskiya ce, kuma masana ma sun auna ta.

A ƙasar Indiya, a jihar Tamil Nadu, aka gwada manoman rake 464 cikin ƙauyuka 54. Su sau ɗaya suke samun kuɗi a shekara, in sun sayar da rake. Kafin girbi suna cikin bashi da jingina. Aka yi wa kowane manomi gwajin kaifin hankali sau 2, kafin girbi da bayan kuɗi sun shigo. Mutum ɗaya ne, kai ɗaya ne, amma bayan girbi ya fi ci. Masu binciken, da suka bayyana aikinsu a shekarar 2013, suka ce damuwar rashi ce ke cinye wurin tunani. Wani gwaji da aka yi a Amurka bayan shekara 3 bai samu wannan bambanci ba, don haka masana suna kan muhawara. Amma duk wanda ya taɓa kwana yana lissafin tiya nawa ta rage bai bukatar a gaya masa.

Darasi biyu muka gani a nan. Kada a ce talaka ba shi da wayo. Kansa ne ke ɗauke da kaya. Sa'an nan manyan shawarwari, kamar wace bisa za a sayar, wane iri za a ajiye, nawa za a zuba a bankin hatsi na gari, a yanke su da kaka, lokacin da ciki ya ƙoshi, hankali ya kwanta. Shawarar da aka yanke cikin watan yunwa, sau da yawa mai ba da bashi ne ke cin ribarta.

Su wa ke hutawa?

A wannan wuri muna roƙon maza su karanta da ƙarfi, matan gida su ji.

Da rani, namiji yana da gindin bishiya, yana da fada, yana da dara. Mace fa? Ta tashi kafin kowa. Daka, ɗibar ruwa, neman itace, girki, wanki, yara, tatsa, kai nono kasuwa. Ta kwanta bayan kowa. In aka kira taron gari, sai a ce mata ba su kawo shawara. Yaushe aka bar musu kan da za su yi tunani da shi? Alhali su suka fi kowa sanin wane itace ya ragu a daji, wace rijiya ruwanta ya fara zartsi, wane ganye yara ke ci in hatsi ya ƙare. Garin da matansa ba su hutawa, da rabin kansa yake tunani.

Injin niƙa, rijiya kusa da gari, murhu mai tsimin itace, amalanken da miji zai ba da a ɗauko ruwa, duk waɗannan awowi suke maido wa mace. A garuruwan da gawo ya dawo gona, a kudancin jiharmu, mata sun daina doguwar tafiyar neman itacen wuta da suke yi a da. Itacen da maigida ya bari a gonarsa hutu ne ya ajiye wa matarsa.

Fada da dara

Hutu ba shiru kaɗai ba ne. Shawara ɗaukar ɗaki ce. Ƙasar Gure tana da wata baiwa: Manga da Dagira, Hausawa, Fulani, Tubawa, Buzaye da Larabawa, duk kasuwa ɗaya suke ci. Abin da mai raƙumi ya sani game da iska da tafiyar tudu, mai lambu bai sani ba. Abin da mai lambu ya sani game da ruwan ƙasa, mai raƙumi bai sani ba. Sabuwar dabara sau da yawa tsofaffin sani biyu ne da ba su taɓa gamuwa ba. A shekarar 1989 manoma 13 daga Illela suka je Yatenga suka ga ramukan shuka da idonsu. Da suka dawo suka gwada, tassa ta bazu cikin Adar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, in ji masu iya magana. Zama da mai dabara ma haka.

Dara ma makaranta ce. Gida 30, kowa da ƴaƴa 12, kowa yana ƙoƙarin jera uku, yana hangen abin da abokinsa zai yi kafin ya yi. Tatsuniya da kacici-kacici da ake yi wa yara da dare, su ma wasa kai ne. Sharaɗi ɗaya ne: kada caca ta shiga, kada kuma dara ta cinye lokacin gyaran shinge.

Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, kuna da makamin da iyayenku ba su da shi. Dabarar da ta zo bisa hanya ko da asuba tana da saurin gudu kamar mafarki. Ku ajiye ɗan littafi da fensir a aljihu. In ta zo, ku ɗaure ta da kalma 3 ko 4. Ku rubuta ranar da ruwa ya sauka, ranar da kuka yi shuka, inda rairayi ya kai bana a jikin gorubar da kuka sa wa alama. Baɗi ku duba.

Tambayoyin da ke jiran amsa

Mu koma bakin kwari. Hanyar tsai da tudu an san ta. Ana saro kalimbo, a kafa shi shinge-shinge a gicciye ga iska, wani wuri a yi shi gida-gida kamar filin dara. Shinge ba ya toshe iska ɗungum, rage mata ƙarfi yake yi, sai ta sauke rairayin da ta ɗauko. In ƙasa ta natsu, da damina a dasa ɗakwara ko kandili ko aduwa, karangiya da sauran ciyayi su dawo da kansu. Malaman jami'ar Yamai sun yi shekaru suna auna wannan aiki a ƙasar Gure. Daga shekarar 2010 aka yi wani babban shiri na yaƙi da rairayi a kwarurrukan Gure da Maine-Sorowa.

Amma akwai abubuwan da suka rage, waɗanda ba a warware su a ofis. In kowa ya sare kalimbo a wuri ɗaya, can ma sabon tudu zai tashi. To, yaya za a sare shi ya sake tohowa, kuma me zai tsaya a madadinsa inda ya yi ƙaranci? In an dasa itace, bisashe suna ci. In an hana kiwo, makiyayi ya cutu. Wace yarjejeniya manomi da makiyayi za su yi, wadda za ta tsare dashe shekara 2 ko 3, bayan haka ciyawar wurin ta amfani mai garke? In kuɗin shiri sun ƙare, wa zai gyara shingen da ya faɗi? Kuma a gonakin tudu namu, kututtura nawa ne masu rai da muke sarewa kowace bazara ba mu duba ganyensu ba?

Ku kai waɗannan tambayoyi fada. Ku yi gardama a kansu har ku gaji. Daga nan ku bar su, ku tafi kiwo, ku yi tufka, ku kwana a kansu. Wanda wata dabara ta zo masa, namiji ko mace, manomi ko makiyayi, ya rubuto mana da hannunsa, ya faɗi garinsu da abin da ya gwada, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu takardar ya aiko. Za mu buga ta a shafin wasiƙu.